Sai da na tura su wajen kakanninsu sannan darasin ya shiga

Ni malamin jogirafi ne a wata sakandaren jeka-ka-dawo a ƙasar Haɗeja, kuma shekara da shekaru in muka zo kan sauyin yanayi abu ɗaya nake yi, in cika allo da not, in zana duniya da rana da kibiyoyi suna shiga suna fita, yara su kwafa, ranar jarabawa su dawo min da abin da na ba su kalma da kalma in ba su maki. Shikenan. Ban taɓa jin akwai wata matsala ba sai bayan daminar 2022.

Duk wanda yake Jigawa a lokacin ba sai na ba shi labari ba. Ruwa ya kwanta a gonakin shinkafa da gero ana dab da girbi, gidajen ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, hanyoyi suka yanke, mutane suka koma kwana a azuzuwan makarantu da tabarminsu da awakinsu. A faɗin Najeriya sama da mutum 600 ne suka rasu a ambaliyar wannan shekarar, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu. Da aka dawo makaranta akwai yaran da suka zo da kayan gida saboda ruwa ya tafi da yunifom ɗin. To a wannan zangon ne na shiga SS3 muna bitar tsofaffin tambayoyin WAEC, na ce wa zai kawo min illolin sauyin yanayi guda uku. Wani yaro mai ƙoƙari sosai ya miƙe ya ce narkewar ƙanƙara a can ƙarshen duniya, da tashin ruwan teku, da ƙarewar dabbobin da ke rayuwa a kan ƙanƙara. Amsar daidai ce fa. Amma yaron nan na san gidansu, ɗaki biyu ne suka rufta musu, ni da kaina na je jaje na tarar da mahaifinsa yana tono buhun gero daga cikin laka. Ko a bakinsa bai kawo ambaliya ba, saboda a kansa abin da ke cikin littafi daban, abin da ya cinye musu gida daban. Ranar na koma gida jikina a sanyaye don na san ba laifinsa ba ne, haka na koya masa.

Da na karɓi sababbin 'yan SS2 sai na ce a wannan karon ba za mu fara da allo ba. Aikin gida na farko da na ba su shi ne kowa ya nemi tsoho ko tsohuwa da ya haura shekara 60, kaka ne ko maƙwabci ko limamin unguwa, ya gaishe shi da kyau ya zauna a ƙasa ya tambaye shi: a da yaushe ake samun ruwan shuka kuma yanzu yaushe, wace bishiya ce da akwai ta yanzu babu, rijiyar unguwa gaba nawa ce a da yanzu gaba nawa, wace shekara ce ba zai taɓa mantawa da ita ba. Na ce a rubuto min da Hausa yadda aka faɗa, kar wanda ya gyara maganar tsoho. Wasu suka yi dariya wai wannan ai ba karatu ba ne hira ce.

Wallahi abin da suka dawo da shi ya fi duk not ɗin da na taɓa rubutawa. Wata yarinya ta zo da shafi huɗu cif, kakarta ta ba ta labarin farin 1973 da na 1984, yadda shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, yadda aka koma cin tafasa da yaɗiya da dusa, har da masu tona gidan tururuwa suna neman tsabar da ta tara. Tsohuwar ta ce ita ma iyayenta sun ba ta labarin wata yunwa da ake ce wa Kakalaba, wadda da muka duba ta faɗo wajen 1913 zuwa 1914. Yarinyar tana karantawa muryarta na rawa, ta ce shekara goma sha bakwai suna gida ɗaya da kakar nan ba ta taɓa sanin ta binne ɗa a shekarar fari ba. Wani kuma ya kawo jerin itatuwan da kakansa ya ce sun yi ƙaranci a dajinsu, kirya da marke da ɗinya da kanya da ɗorawa, na ce wa ya taɓa ganin kirya a tsaye ba a turmi ko a buhun gawayi ba, hannu uku ne kawai suka tashi a aji mai mutum sama da sittin.

Sai kuma aka samu saɓani, wanda shi ne ya fi min daɗi. Wani tsoho ya ce ruwa ya ragu ba kamar da ba, wani kuma ya ce ina, ai yanzu ruwan ma yawa yake yi har ya ɓata amfani. Aji ya rabu biyu kowa na kare kakansa. Na bar su suka yi ta musu kusan minti goma sannan na tambayi kowane shekarun kakan nasa. Ashe mai cewa ruwa ya ragu ya girmi ɗayan nesa ba kusa ba, shi yana auna yau ne da shekarun 1950 da 1960 lokacin da yankin Sahel ya samu damina mai albarka a jere, ɗayan kuma ya yi wayo ne a cikin farin 1970 da 1980 don haka a wajensa ruwa ƙaruwa ya yi. Kuma duka biyun gaskiya suka faɗa, haka ma'aunan masana suka nuna, ruwa ya yi ƙasa sosai a waɗancan shekarun, daga shekarun 1990 ya ɗan farfaɗo amma ya dawo da wani hali, ya yi jinkiri ko ya ɗauke a tsakiya sannan ya zo ya juye na sati biyu a dare ɗaya. A nan na samu hanyar bambance musu abu biyun da Hausa ke kira da suna ɗaya wato yanayi. Na ce manomi in gero bai yi ba bana cewa yake gona ta ƙi, ba ya cewa ta gaji sai ya ga shekara da shekaru dami yana raguwa. To zafin yau ko ruwan jiya kamar gona ta ƙi ne, wanda muke magana a kansa sai an haɗa lissafin shekara 30 ake gane shi.

Bayan nan ne muka koma kimiyyar abin, kuma sai na ga kunnuwansu a buɗe suke saboda yanzu su ne ke neman dalili. Na yi musu bayani da bargo. Rana na dumama ƙasa, ƙasa na mayar da zafin sama, akwai wasu iskoki da ke tare wani ɓangare na zafin su hana shi ficewa, babbarsu a wannan maganar ita ce iskar kabon da ke fita in an ƙona fetur da gas da kwal da icce, sai kuma metan da ke fita daga cikin shanu da gonar shinkafar da ruwa ya kwanta a ciki. Bargon kansa rahama ne, ba don shi ba da duniya ta daskare, matsalar ita ce ana ta ƙara masa kauri. Kafin zamanin masana'antu, a cikin ƙwayar iska miliyan ɗaya wajen 280 ne na kabon. A 1958 da wani masani Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa a Hawai ya samu wajen 315. Yanzu an haura 420. Wani daga baya ya ɗaga hannu ya ce Malam 420 a cikin miliyan ai ba komai ba ne, ya za a yi wannan ɗan abin ya dagula duniya. Washegari na zo da bokitin ruwa da ƙullin bula irin na wanki, na sa ɗan abin da bai kai kan ashana ba, ruwan gaba ɗaya ya koma shuɗi. Ban ƙara ko kalma ba shi da kansa ya gyaɗa kai.

Gwajin da na fi sa rai a kansa kuwa shi ne bai yi ba. Na ga ana yi a bidiyo, gora biyu da ma'aunin zafi a kowace, ɗaya iska ce zalla ɗaya an cika ta da kabon, a ajiye a rana a ga wacce za ta fi zafi. Ba mu da kayan ɗakin gwaji na kirki sai muka yi dabara, muka jiƙa kanwa muka matsa mata lemun tsami, kumfar nan da ke tashi ai kabon ce, muka tura ta cikin gora ta bututun ƙarin ruwa. Wannan ɓangaren kam ya burge su, musamman 'yan matan da kullum suke ganin kanwa na kumfa in ta haɗu da tsami a girki ba su san iskar da ake ta magana a rediyo ba ce. Ranar farko gorar kabon ta ɗan fi zafi aka yi ta tafi. Rana ta biyu da ɗaya ajin sai aka samu akasin haka. Na tsaya ina kallon ma'aunan nan yara na kallona, kuma gaskiya zuciyata ta raya min in ce wata iska ce ta shiga in wuce. Amma na ce a'a, mu sa ma'aunan biyu a kofin ruwa ɗaya mu gani, sai ga shi su kansu ba su yarda da juna ba, akwai tazarar fiye da digiri ɗaya tsakaninsu. Na faɗa musu a fili cewa wannan gwajin namu bai tabbatar da komai ba, gora ba sararin sama ba ce, kuma hujjar masana ba a kan gora take ba, a kan awon dubban tashoshi ne na shekaru fiye da ɗari. Na ba su labarin wata mata Ba'amurkiya Eunice Foote da ta yi irin wannan gwajin da tulunan gilashi tun 1856 ta rubuta cewa in kabon ya yi yawa a sama duniya za ta ƙara zafi. Abin mamaki daga ranar suka fi yarda da ni, in na kawo wata lamba sai wani ya ce Malam wa ya auna kuma da me, ni kuma tambayar da nake so ke nan.

Akwai tambayar da na san dole za ta zo kuma ta zo. Wani yaro mai natsuwa, ɗan gidan malamai, ya ce Malam ina da magana amma don Allah kar ka ji haushi, ruwa ba Allah ne ke saukar da shi ba, to ya za a ce hayaƙin motar wani a Turai ne ke hana shi ko ƙara shi? Aji ya yi tsit, don da yawansu abin na ransu. Na ce Allah ne ke saukarwa babu ko tantama, lafiya ma ai Shi ke bayarwa, amma in mutum ya sha ruwan kududdufi ya kamu da amai da gudawa ba ma cewa ruwan ba shi da hannu. Duk da haka na ga wannan ba fagena ba ne ni kaɗai, sai na roƙi malamin addinin Musulunci na makarantar ya shigo mana darasi ɗaya. Allah Ya saka masa da alheri, ya karanto musu aya ta 41 a Suratur Rum mai cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, ya kawo ƙissar Annabi Yusuf (AS) da shekara bakwai na yalwa da bakwai na fari da yadda aka adana hatsi a zangarniyarsa, ya kawo hadisin da ke cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka tsuntsu ko mutum ko dabba ya ci to sadaka ce a gare shi. Ya ce musu riƙo da sababi ba ya karo da tawakkali. Abin da ya yi a minti arba'in ni da zan shekara ban yi ba, don daga bakinsa suke son jin wannan, kuma ina ba duk malamin da zai koyar da darasin nan a wajenmu shawara kar ya tsallake wannan tambayar ko ya yi wa mai ita kallon jahili.

Da damina ta gabato muka haɗa ma'aunin ruwan sama. Gorar roba mai miƙaƙƙen jiki ake yankewa daga wuya, a kifa saman ya zama mazurari, a zuba tsakuwa a ƙasa don kar iska ta ture ta, a cika da ruwa zuwa inda aka ja layin sifili sannan a manna rula. A ajiye a fili nesa da indararo da inuwar bishiya, a duba kullum da safe a rubuta milimita nawa. Da yake dogon hutu yana faɗowa daidai lokacin malka, kowa a gidansu ya kafa tasa. An sha fama, wata akuya ta ture, wani ƙaninsa ya zubar ya yi wasa da gorar, wani kuma ya kawo min littafi cike da lambobi masu kyau har da ruwa a ranakun da maƙwabcinsa na aji ɗaya ya rubuta ko ɗigo ba a yi ba. Na kira shi gefe ban kunyata shi a aji ba, ya ce ya tafi Kano hutu ne ya ji tsoron ya kawo shafi fari. Na ce masa shafi fari ya fi min lambar ƙarya sau dubu, a rubuta ba a auna ba kawai.

Waɗanda suka riƙe abin da gaske sun ga abubuwa. Ƙauyuka biyu da ba su fi tafiyar rabin awa a babur ba, ɗaya ya samu ruwa mai ƙarfi ɗaya yayyafi. An ga yadda bayan ruwan shuka aka yi fiye da sati biyu ba ɗigo har wasu suka sake shuka. Na sake jaddada musu cewa damina ɗaya ba ta isa a ce ga sauyin yanayi ba, amma yanzu in suka ji hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa duk farkon shekara sun san me ake nufi da milimita da ranar farawa da tsawon ɗaukewar ruwa, har wasu na fassara wa iyayensu. Lissafin da ya fi tsaya musu a rai kuwa shi ne wannan: milimita 1 na ruwa daidai yake da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Muka auna rufin ajinmu da igiya, mita 8 ne da mita 10 wato murabba'i 80, in an yi ruwan milimita 30 lita 2,400 ke nan ta zubo daga kwanon aji ɗaya, jarka 96 mai cin lita 25, duk ta bi ƙasa ta tafi tana zaizaye gindin gini, mu kuma a watan Maris muna sayen jarka a wajen 'yan garuwa. Wata ta ce Malam sake lissafin ko an yi kuskure. Ita na ba allin ta sake.

Zafin bazarar 2024 ma ya shigo mana aji da kansa, ana cikin azumi, kwanon rufi kamar tanda. A goman ƙarshe ne aka auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma daga baya aka tabbatar 2024 ita ce shekara mafi zafi tun da aka fara ajiye lissafi. A nan na nuna musu abin da ke haɗa fari da ambaliya a waje ɗaya, duk digiri 1 da iska ta ƙara zafi tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa kamar kashi 7 cikin ɗari, wato tana saurin tsotse laimar gona da tafki, in kuma ta tashi saki ta saki da yawa.

Inda na kusa yin ɓarna shi ne wajen maganar mafita. Na shiga da jerin nan na littafi, a daina sare itace, a daina girki da icce, a rage hayaƙi. Wata ɗaliba da ba ta cika magana ba ta miƙe ta ce Malam mamata awara take soyawa da icce, da shi ake biya min kuɗin littafi, in ta daina me za mu ci, ka san nawa ake sayar da kilon gas yanzu? Lokacin ba a daɗe da cire tallafin mai ba a watan Mayun 2023, komai ya tashi, har masu albashi sun koma gawayi. Ban da amsa a take, na ce ta ba ni zuwa jibi. Da na dawo na faɗa musu abin da ya kamata in fara da shi tun farko, Afirka gaba ɗayanta hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin ɗari na duniya ba, manyan masu fitarwa su ne irin su Chaina da Amurka da Turai, shi ya sa aka yi yarjejeniyar Paris ta rage hayaƙi a 2015 kuma ƙasashe irin namu suka matsa har aka amince da asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawowa a taron ƙasashen duniya na Masar a 2022. Na ce mata ba mamarki ce ta dumama duniya ba, kar wanda ya ɗora mata wannan. Amma hayaƙin da take shaƙa kullum idonta da ƙirjinta yake ci, kuma itacen da ake sarewa gonarmu ce ke zama tsirara iska ta kwashe ta. Don haka namu aikin na kare kanmu ne kafin komai. Muka kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi muka gina murhu mai rufaffen gefe da ƙofa ɗaya, muka raba icce kashi biyu daidai, muka ɗora tukunya iri ɗaya da ruwa iri ɗaya a kansa da kuma kan na duwatsu uku. Ragowar iccen da ya rage a gefen na yumɓu kowa ya gani da idonsa. Ita yarinyar ce ta gina na biyu a gidansu.

Mun kuma yi randa cikin randa, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ruwan na tsanewa yana janye zafi tumatir da yalo su ƙara kwanaki ba wuta ba janareta. Da na ce musu wanda ya yaɗa wannan dabarar har duniya ta san ta, Mohammed Bah Abba, malami ne da ya koyar a Dutse nan jiharmu kuma ya ci kyautar Rolex a 2000 a kanta, sai da suka sa na maimaita. Da rani take aiki sosai, da damina iska na da laima ba ta wani sanyi, wannan ma su suka gano da kansu.

Dashen itace kuwa mun faɗi warwas a karon farko. Mun samo dashen darbejiya masu yawa, aka yi taro aka ɗau hotuna kowa na murna, amma a ƙarshen damina muka dasa, ba shinge, ba wanda aka ɗora wa alhakin ko guda. Kafin hunturu ya wuce awaki da ƙishi sun gama da kusan duka. Na ji ciwon abin sosai don na ga yadda yaran suka karaya, wani ya ce ai dama haka ake yi duk shekara. A neman abin da zan ce musu ne na ci karo da labarin Maraɗi. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya yi ta dasa itatuwa a can suna mutuwa kamar namu, har ya lura cewa 'yan tsirrai da ciyayin da manoma ke sassabewa duk shekara ba ciyawa ba ne, kututturen itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi a ƙasa. Maimakon a sassabe duka a ƙone, sai a zaɓi tsiro biyu zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture a bar su, a datse sauran, a riƙa yi musu aski suna miƙewa. Manoman can suna ce masa sassaben zamani, kuma da shi aka farfaɗo da fili wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Ba turawa suka yi ba, manoma Hausawa ne da adda da lauje, nan bayan Maigatari. Na ga fuskokin yaran sun canja, don shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2007 suna jin sa ne a rediyo kamar abin gwamnati, wannan kuwa abu ne da za su iya yi ranar Asabar.

Muka zagaya bayan makaranta muka ƙirga kututturen sabara da kalgo da 'yan gawo da magarya da kullum ake sharewa, muka raba, kowane mutum biyu kututture ɗaya da sunansu a jikin fegi, muka kewaye da ƙaya. Ba ban ruwa ba sayen dashe. Gawo na fi nuna musu saboda halinsa, da damina yake zubar da ganye ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, kuma duk tsohon da suka yi hira da shi ya san gero ya fi kyau a gindinsa.

Wani abu da nake yawan ja musu kunne a kai shi ne kar komai ya faru su ce sauyin yanayi ne. Tafkin Chadi ya kai murabba'in kilomita 25,000 a 1963, zuwa shekarun 1980 ya rasa kusan kashi 90 cikin ɗari, amma a ciki akwai fari akwai ɗiban ruwan noman rani, kuma daga baya ya ɗan dawo. Ciyawar kachalar da ta toshe mana hanyoyin ruwa daga Haɗeja zuwa Nguru tana da alaƙa da yadda dam ɗin Tiga na 1974 da na Challawa na 1992 suka canja tafiyar kogi, ya koma ruwa na kwance duk shekara maimakon ya zo ya janye. Da dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumbar 2024 ruwa ya shanye Maiduguri, mun zauna mun rarrabe, wane ɓangare ne na ruwan sama mai yawa wane ne na gyara da tsarin gari. Haka in unguwa ta cika da ruwa saboda kwalbati ya toshe da ledar fiya wata, wannan ba sai an jira taron ƙasashen duniya ba. In aka jibga wa sauyin yanayi komai to an wanke wanda ya kamata a tambaya.

Not ɗin WAEC da NECO fa ban daina bayarwa ba, dole su ci jarabawa, sai dai yanzu a ƙarshe yake zuwa kuma ya fi guntu, sauran aikin muna yinsa ne ranar Alhamis bayan an tashi da izinin firinsifal. Ba kowa ke tsayawa ba, wasu na da talla wasu na da gona, ban taɓa tilasta wa kowa ba.

Ɗaya daga cikin yaran ya kai maganar sassaben gida, mahaifinsa ya ce atafau, itace a gona ai gayyato tsuntsu ne ya cinye gero, kuma maganarsa ba wasa ba ce duk manomi ya san ɓarnar jan baki. Na je da kaina na gaishe shi, na ce Baba ba duka gonar ba, a ba shi kusurwa ɗaya kawai ta gefen iyaka ya gwada. Ya yi shiru can ya ce to Malam albarkacinka. Da na koma bayan damina biyu kalgo da gawon da yaron ya bari sun wuce kafaɗata, ƙasar gindinsu ta tara ganye da yashin da iska ke kwasowa, rassan da ake datsewa kuma su uwar gidan ke hura wuta da su. Tsohon bai ce min komai a kan abin ba, amma na lura a ɗaya gefen gonar, inda ba a ba yaron ba, an bar tsiro uku-uku a kan wasu kututture kuma askin da aka yi musu na hannun da ya saba riƙe adda ne.

Lambobin ruwan saman kuma na sayi babban littafi mai bango mai kauri muna kwafe su a ciki, kowane sabon SS2 su karɓa daga hannun waɗanda suka gabace su. Damina uku ke nan a ciki, ta 2023 da 2024 da 2025, har da shafukan da aka rubuta ba a auna ba. Na rubuta a cikin bangon da jan biro cewa duk malamin da ya zo bayana don Allah kar ya jefar, a ci gaba da cikawa har ta kai 30.